ISHAƘU NIYUTON, ƊAN MANOMIN DA YA SA WA ƘARFI MA'AUNI

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwar Kornaka da la'asar sakaliya, lokacin da mutanen ƙauyuka suke ɗaure kaya za su koma gida, ya riga ya ga abin da wannan tarihi ya ƙunsa. Amalanken da ya zo wayam da safe, jaki na ɗaga ƙafa sai ya zabura da shi. Amma idan an jibga masa buhunan hatsi, sai jakin ya miƙe wuya, ya kafa kofato cikin rairayi, mai amalanke ya sauka ya sa kafaɗa, kafin ƙafafun su fara juyawa sannu a hankali. Jakin safe shi ne na maraice, kaya ne kawai suka ƙaru. Wannan kowane yaro ya san shi. Abin da ya gagari masana kusan shekara 2000 shi ne su sa wannan sani cikin lissafi, har a iya faɗin yadda abu zai yi gudu tun kafin a taɓa shi. Mutumin da ya yi wannan aiki ɗan manomi ne na ƙasar Ingila, sunansa Ishaƙu Niyuton.

An haife shi a wani ƙauye da ake kira Wulstop, kusa da garin Girantam, ran 25 ga watan Disamba na shekarar 1642 bisa lissafin kwanakin da Ingila take bi a wancan zamani, wanda ya yi daidai da 4 ga Janairu 1643 a lissafin yanzu. Mahaifinsa mutum ne mai gonaki da garken tumaki, amma ko sunansa bai iya rubutawa ba, ya kuwa rasu wata uku kafin haihuwar yaron. Bakwaini aka haife shi, ƙanƙane ƙwarai, har ba a yi zaton zai rayu ba. Yana da shekara uku mahaifiyarsa, Hannatu, ta auri wani limamin Kirista mai suna Barnaba Simit, ta tare a wani ƙauye, ta bar yaron hannun kakarsa. Ba ta dawo ba sai da mijin ya rasu a 1653, ta zo da ƴaƴa uku. Masu binciken tarihinsa da yawa suna ganin wannan maraici na farko shi ya sa ya tashi mutum mai zurfin ciki, mai saurin zargi, wanda bai iya jure suka ba har ƙarshen ransa.

Da ya kai shekara 12 aka sa shi lakwal a Girantam, aka ba shi masauki gidan wani mai haɗa magunguna. A can ne aka fara lura da hannunsa. Ya sassaƙa ƙaramin injin niƙa mai aiki da iska, ya yi agogon ruwa, ya kuma cika bangon gida da alamun inuwa don sanin lokaci. Amma a 1659 mahaifiyarsa ta fitar da shi daga karatu. Dalilinta kuwa ba baƙo ba ne ga iyaye na ko'ina: shi ne babba, ga gona, ga dabbobi, ga shi ba namiji a gidan. Sai dai kiwo ya gagare shi. A tura shi da tumaki, sai ya sami gindin shinge ya zauna da littafi, dabbobi su shiga gonar mutane. A cikin shekarar nan har kotun yankin ta ci shi tara saboda ɓarnar da tumakinsa suka yi. Mutum biyu ne suka cece shi: shugaban lakwal ɗin, Hanri Sitokis, wanda ya yi ta roƙon uwar har ya yafe kuɗin da ya kamata ta biya, da kuma kawunsa Wilyam, wanda shi ma ya yi karatu mai zurfi. Uwar ta haƙura. A watan Yuni na 1661 Ishaƙu ya shiga jami'ar Kambirij, cikin sahun ɗalibai masu ƙaramin hali, waɗanda suke yi wa malamai da ƴaƴan masu kuɗi hidima domin a rage musu kuɗin karatu.

Abin da ya tarar ana koyarwa a kan motsi tsohon zance ne na Aristo, masanin Girka da ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa. A ganin Aristo, abu ba ya tafiya sai da mai tura shi, in aka daina turawa sai ya tsaya; abu mai nauyi kuma ya fi marar nauyi saurin faɗowa. Ido yana gaskata wannan magana, don kuwa jaki na tsayawa amalanke zai tsaya. Amma akwai tambayar da ta hana masana barci: dutsen da yaro ya harba da majaujawa, wa ke tura shi bayan ya rabu da igiya? Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya rubuta cikin Kitabush Shifa cewa mai jifa yana sa wa abin da ya jefa wata karkata wadda ba ta ƙarewa don kanta, sai dai iska ko wani abu ya tare ta. A ƙarni na 12 Abul Barakatil Bagadadi ya ƙara da cewa abin da ke faɗowa gudunsa yana ƙaruwa ne saboda ja yana bin ja ba yankewa. Bayansu Galile na Italiya, wanda ya rasu a 1642, ya gangara da ƙwallaye bisa katako, ya auna lokaci, ya nuna cewa gudun abu mai faɗowa yana ƙaruwa daidai wa daida a kowane lokaci. Kowannensu ya kama wani gefe na gaskiya. Abin da ya rage shi ne doka guda da za ta haɗa ƙarfi da nauyi da gudu.

Niyuton ya sami digirinsa na farko a 1665. A shekarar nan annoba ta faɗa wa birnin Landan, ta kashe mutane dubun dubata, aka rufe jami'a, ɗalibai suka watse. Ya koma Wulstop, gonar da ta ƙi shi, ya zauna yawancin lokacin har zuwa 1667. A wannan zama na kaɗaici ya ƙirƙiro wani sabon lissafi na auna abin da ke sauyawa a kowane ƙiftawar ido, ya raba hasken rana zuwa launuka da ɗan gilashi mai kusurwa uku, ya kuma fara tunanin ko ƙarfin da ke jawo ɗan itace ƙasa shi ne ke riƙe da wata a sama. Labarin tuffar da ta faɗo daga bishiya shi da kansa ya ba da shi, amma sai da ya tsufa. Kada mai karatu ya ɗauka a yini ɗaya aka yi abin. Tsakanin faɗuwar tuffa da fitowar littafi akwai shekara 20 na aiki.

A 1669, yana da shekara 26, aka ba shi kujerar babban malamin lissafi ta Kambirij. Ɗalibai kaɗan ne suke zuwa darasinsa, don ba su gane shi. Ya ƙera wani madubin hangen taurari na sabon salo, wanda ya sa Ƙungiyar Masana ta Sarauta da ke Landan ta karɓe shi a 1672. Amma da ya aika musu da bincikensa a kan haske, wani masani mai suna Robat Huk ya soke shi, sai ya yi fushi, ya ja jiki, ya daɗe ba ya son buga komai. Ya duƙufa kan gwaje-gwajen narka ƙarafa da binciken littattafan addini. A ɓoye ya kai ga cewa Allah ɗaya ne ba uku ba, ra'ayin da zai iya raba shi da aikinsa in da ya bayyana shi a fili.

Wanda ya fito da shi daga wannan ɓuya wani saurayi ne masanin taurari, Edmon Hale. A watan Agusta na 1684 Hale ya je Kambirij ya tambaye shi irin hanyar da tauraro zai bi in ƙarfin da rana ke jansa da shi yana raguwa bisa wani ƙayyadadden lissafi na nisa. Nan take Niyuton ya ba shi amsa cewa da'ira ce mai siffar ƙwai, ya kuma ce ya riga ya lissafa, sai dai ya nemi takardar bai gani ba. A watan Nuwamba ya aika wa Hale da bayani na shafi tara. Daga nan abin ya kama shi. Fiye da shekara biyu yana rubutu dare da rana, magatakardansa ya ba da labarin yadda abinci yake hucewa a ɗaki bai taɓa ba. Da littafi ya kammala, sai aka tarar asusun Ƙungiyar Masana ya ƙare wajen buga wani littafi a kan kifaye. Hale ne ya biya kuɗin ɗab'i daga aljihunsa. A watan Yuli na 1687 littafin ya fito da harshen Latin, shi ne wanda duniya ta sani da suna Principia.

A farkon littafin akwai dokoki uku na motsi. Ta farko ta rushe maganar Aristo: abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa, abin da ke tafiya kuma zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudunsa, sai in wani ƙarfi ya shiga tsakani. Ashe ba rashin jaki ne ke tsayar da amalanke ba, rairayi ne da gugar ƙafafu suke riƙe shi. Ta uku ta nuna cewa duk abin da ya tura wani, shi ma ana tura shi da ƙarfi daidai da nasa. Ta biyu kuwa, wadda ita ce ginshiƙi, ta bayyana aikin ƙarfi: ƙarfi ba shi ne ke riƙe gudu ba, shi ne ke sauya shi, ko ya ƙara shi, ko ya rage shi, ko ya karkatar da shi, kuma sauyin yana bin yawan ƙarfin da wajen da ya dosa.

Kafin ya kai ga wannan sai da ya raba abu biyu da harshen yau da kullum yake haɗawa cikin kalma ɗaya, wato nauyi. Akwai nauyin asali, shi ne yawan abin da jiki ya ƙunsa, wanda ake aunawa da kilo, ba ya kuwa sauyawa ko'ina aka kai abin. Akwai kuma nauyin ja, shi ne ƙarfin da ƙasa ke jawo abin da shi. Buhun gero mai kilo 100, in aka kai shi duniyar wata, ɗaukarsa za ta yi sauƙi har kusan sau shida, domin jan wata bai kai na ƙasa ba. Amma geron da ke ciki bai ragu da ƙwaya ɗaya ba, kuma wanda zai ingiza shi ya zabura sai ya sa ƙarfin da zai sa a nan.

Da wannan rarrabewa sai dokar ta zama lissafin da ɗan makaranta zai iya yi: ƙaruwar gudu ita ce ƙarfi a raba shi da nauyin asali. Ma'aunin ƙarfi a yau sunan mutumin nan aka ba shi, tun daga 1948: niyuton ɗaya shi ne ƙarfin da zai sa abu mai kilo ɗaya ya ƙara gudun mita ɗaya cikin sakan a kowane sakan. A ɗauki misalin amalanken Kornaka. A ce shi da abin da ke kansa kilo 200 ne, kuma ƙarfin jaki, bayan an cire abin da rairayi ya cinye, niyuton 100 ne. To, a kowane sakan gudunsa zai ƙaru da rabin mita cikin sakan. A ɗora masa buhu biyu, nauyi ya koma kilo 400, ƙarfin da ya rage kuma yana nan yadda yake: ƙaruwar gudu ta koma rubu'in mita. A ɗaura jaki na biyu, ƙarfi ya ninka: ta dawo rabin mita. Ninka ƙarfi yana ninka ƙaruwar gudu, ninka kaya yana raba ta biyu.

Dokar nan ce kuma ta warware tsohuwar gardama a kan faɗuwa. A ƙasar Dakoro, inda rijiyoyi suke da zurfi har sai an sa shanu ko raƙuma su ja wasaki, in aka saki tsakuwa da babban dutse tare daga bakin rijiya, tare za su taɓa ruwa. Dalili shi ne dutsen da ya ninka tsakuwa sau goma, ƙasa tana jansa da ƙarfi sau goma, amma kuma yana da wuyar zaburarwa sau goma. In aka raba, sakamako ɗaya ne, wato ƙarin gudun mita 9,8 cikin sakan a kowane sakan. Gashin tsuntsu yana jinkiri ne kawai don iska tana tare shi. Har ma ana iya auna rijiya da agogo: tsakuwar da ta yi sakan 3 kafin ta taɓa ruwa ta yi tafiyar mita 44 ko kusa da haka. Niyuton bai tsaya ga lissafi ba, sai da ya gwada. Ya sami akwatuna biyu iri ɗaya ya rataye su da zare mai tsawo ɗaya, ya riƙa cika su da zinariya, da azurfa, da darma, da gilashi, da yashi, da gishiri, da itace, da ruwa, da alkama, yana kaɗa su kamar lilo. Duka suka tafi tare suka dawo tare.

Daga nan ya ɗaga kai sama. Nisan wata daga tsakiyar duniya ya ninka nisan doron ƙasa daga tsakiyarta sau 60. In ja yana raguwa yadda ya lissafa, to a can zai ragu sau 60 sau 60, wato sau 3600. Da ya gwada wannan da tafiyar wata yadda masu duban taurari suka auna ta, sai lissafi ya yi daidai. Ya tabbata ke nan dokar da ke aiki a bakin rijiya ita ce ke aiki tsakanin rana da taurari. Da ita Hale ya faɗi lokacin da wani tauraro mai wutsiya zai dawo, ya kuwa dawo a ƙarshen 1758, bayan su biyun sun rasu. Da ita kuma masanin Faransa Le Beriye ya gano wurin tauraron Neptun a kan takarda, kafin a hange shi da madubi a 1846.

Bayan fitowar littafin rayuwarsa ta sake. An zaɓe shi wakilin jami'a a majalisar dokoki a 1689. A 1693 ya yi wata rashin lafiya ta ruɗewar tunani da rashin barci, ya warke. A 1696 ya koma Landan aka ba shi riƙon gidan buga kuɗin ƙasa, ya zama shugabansa a 1699. Ya riƙe aikin da gaske, yana bin masu buga jabun kuɗi da kansa har gidajen kaso, wasunsu kuwa aka rataye su. A 1703 ya zama shugaban Ƙungiyar Masana, a 1704 ya buga littafinsa a kan haske, a 1705 Sarauniya An ta ba shi sarautar girmamawa.

Amma girma bai sanyaya masa zuciya ba. Ya yi doguwar husuma da Huk a kan wanda ya fara tunanin dokar ja, ya kuma yi wata da masanin Jamus Laibnis a kan wanda ya fara ƙirƙiro sabon lissafin nan. Da Ƙungiyar Masana ta kafa kwamitin da zai raba gardamar a 1712, shi ne ya rubuta hukuncin a ɓoye, ya ba kansa gaskiya. Masana tarihi na yanzu sun yarda cewa kowannensu ya gano lissafin ne da kansa. Bai taɓa aure ba. Ya rasu ran 20 ga watan Maris na 1727 bisa tsohon lissafi, yana da shekara 84, aka binne shi a majami'ar Wesminsta, inda ake binne sarakuna da manyan ƙasar.

Littafinsa yana da wuyar karatu ƙwarai, sai da wasu suka ɗauki nauyin isar da shi ga jama'a. An juya shi zuwa Ingilishi a 1729. Zuwa Faransanci kuwa wata mace ce ta juya shi, Emili du Shatele, wadda ta yi aikin tana ɗauke da ciki, tana gaggawa don tana tsoron ba za ta tsira daga haihuwar ba. Ta gama, ta haihu, ta rasu bayan ƴan kwanaki a watan Satumba na 1749. An buga fassarar cikakkiya a 1759, kuma fiye da shekara 200 ita ce masu jin Faransanci suka dogara da ita. Gajeren salon da ake rubuta doka ta biyu da shi a allon lakwal, mai haruffa uku, masanin Suwis Lewonar Oila ne ya daidaita shi wajen 1750. A 1905 da 1915 Ainishtain ya nuna cewa dokokin Niyuton suna bukatar gyara idan gudu ya kusa na haske ko ja ya yi tsanani ƙwarai. A abin da bai kai haka ba suna nan daram, da su ne aka lissafa hanyar kumbon da ya kai mutane duniyar wata a 1969.

Dokar kuwa ba ta tsaya ga tashi kaɗai ba, tana hukunta tsayawa ma, a nan ne take shafar rayuka. Babbar motar da ta taso daga Dakoro za ta Maradi, an lafta mata kaya ninki biyu na abin da aka ƙera ta ta ɗauka, ga mutane zaune bisa kayan, birkinta bai ƙaru da komai ba. In ƙarfin birki yana nan yadda yake, nauyi kuma ya ninka, to filin da take bukata kafin ta tsaya shi ma ya ninka. In kuma direba ya ninka gudu, filin ya ninka sau huɗu. Saniyar da ta tsallaka hanya, ko yaron da ya biyo ta da sanda, ba su da masaniyar wannan lissafi, amma a kansu yake ƙarewa.

Gidan da aka haifi Niyuton yana nan a Wulstop har yanzu, masu ziyara suna zuwa su ga ɗakinsa da tsohuwar bishiyar tuffa. Kaɗan daga cikinsu ne suke tuna Hanri Sitokis, malamin lakwal na ƙaramin gari, wanda ya ga yaro ya kasa kiwo bai ce masa rago ba, ya yi ta sintiri wajen uwarsa har ta yarda ta sake shi ya koma karatu.